Gishirin da Na Zuba a Tankuna Biyar

Zuwa ga 'yata, Uwata, Likitar Kifi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da jikata, amaryata 'yar ƙarama mai rigima. Allah ya tsare miki idonki da bayanki, don na san zaman gaban na'ura daga safe har yamma ba ya barin ko ɗaya daga cikinsu lafiya. Allah ya sassauta muku sanyin wurin, ya haɗa ku da maƙwabta na kirki, ya sa abin da kika tafi nema ya zo hannunki da albarka. Idan kin tambaye mu, muna nan lafiya, sai godiyar Ubangiji. Gwiwata ta hagu ce kawai take tuna mini shekaruna duk sa'ad da zan hau matakalar wurin aiki, ni kuwa sai in ce mata ta yi haƙuri, tare muka zo, tare za mu koma.

Goggonki ta leƙo ni ranar Asabar. Ko zama ba ta yi ba ta shiga buɗe tukwane, ta ce wai ɓera ma in ya shigo gidan nan da kuka zai fita. Ta ce na rame, na ce mata tsufa ne, ta ce ƙarya nake yi, ita da ta girme ni da shekara huɗu ga ta nan ƙofa tana yi mata kaɗan. Yayanki ya biyo sau ɗaya a watan nan da babbar motarsa, ko kashe injin bai yi ba, muka gaisa ta taga ya ce kaya na jiran sa. Ban ga laifinsa ba, haka aikin yake. Gidan dai yana nan yadda kika bar shi. Jajayen takalman da amaryata ta manta suna nan ƙarƙashin benci, ban ɗauke ba, in na zo shara sai in zagaye su. Har yanzu da safe kofuna biyu nake saukowa da su, sai na ajiye sannan in tuna, in mayar da ɗaya kan kanta. Shekara uku ke nan da rasuwar mahaifiyarki, wata takwas da tafiyarku, amma hannun nan nawa ya ƙi koyo.

To Uwata, kin san ni ba mutumin wasiƙa ba ne, ga waya a aljihu. Amma akwai maganar da ta fi wata guda tana cin raina, sau uku ina danna lambarki ina kashewa kafin ta shiga. In na ji muryarki bakina nauyi yake yi, shi ya sa na zauna da biro. Dogo, abokin aikina na ɗakin tankuna, shi zai ɗauki hoton takardun da wayarsa ya tura miki. Ya rantse ba zai karanta ba, amma na san halinsa, don haka Dogo, in ka kawo nan ina gaishe ka, ci gaba abinka, ai ka riga ka san rabin labarin. Ke kuma ina roƙon ki ki nemi wuri ki zauna, ki karanta har ƙarshe kafin ki yanke mini hukunci.

Ba sai na tuna miki shekarar da cuta ta shiga kududdufaina ba. Kina 'yar sakandare, ke da mahaifiyarki kuka yi ta jidar bokitai cike da matattun tarwaɗa zuwa ramin da na haƙa a bayan gona, kwana tara, har ba abin da ya rage a ruwan sai kwaɗi. A bakin ramin nan kika ce mini za ki yi karatun da zai hana wannan sake faruwa, na yi dariya na ce to, Likitar Kifi, Allah ya kai mu. Sunan ya bi ki, ke kuma kika bi maganar. Da mahaifiyarki ta rasu kika ga zaman gida zai ƙarasa ni, ke kika je gun Farfesa, shugabar cibiyar bincikenku, kika ce mata ubanki ya yi shekara talatin yana kiwon kifi, ba wanda zai kula mata da tankuna kamar sa. Ke kika tsaya mini, da bakinki aka ɗauke ni. Ina so ki san ban manta da wannan ba ko da rana ɗaya, har da ranar da na yi abin da zan faɗa miki.

Bari in maimaita miki abin da kika fi ni sani, don ki tabbata ba rashin fahimta ba ne ya kai ni. Tankuna goma sha biyu ne a ɗakin gwaji, kowane da tarwaɗa talatin. Shida za a yi musu allurar rigakafin da kika shekara uku kina haɗawa, shida a yi musu allurar ruwa zalla. Wanne ne wanne, daga ni har Dogo ba wanda ya sani, an rubuta a takarda an rufe a ambulan a aljihun teburin Farfesa, don kada mai ba da abinci ya fifita wasu ko da bai yi niyya ba. Mako shida bayan allura za a zuba ƙwayar cutar a ruwan dukkansu, sannan a yi kwana goma sha huɗu ana kallo. Aikina in canza ruwa, in auna zafinsa, in tsame wanda ya mutu safe da yamma, in rubuta lambar tanki da adadi. Ba magani, ba ƙari, ba ragi. Ranar da za ki tafi, a bakin mota, sau uku kika ce mini kada in taimaki kifi ko ɗaya, mutuwar waɗanda ba a yi wa rigakafi ba ita ce za ta nuna allurar tana aiki. Har na ji haushi na ce miki ni ba yaro ba ne, sau ɗaya ya ishe ni.

Abin da ba ki sa a lissafi ba, ni ma ban sa ba, shi ne wata shidan da na yi da su kafin ranar. Tun suna kamar ɗan yatsa na karɓe su. Ƙarfe bakwai nake buɗe ɗakin, in taka kwanon ruwan magani da ke bakin ƙofa da takalmin roba, in kunna fitila, ba abin da ake ji sai ƙugin injin iska da ɓulɓulowar kumfa. Wallahi kafin in kai tanki na farko sun ji takuna, sai ki ga ruwa ya hau motsi, gashin bakinsu ya leƙo sama. Uwata, duk faɗin garin nan ba wani mai rai da yake motsawa don na shigo sai su. A gida in na yi sallama, shiru nake ji. Sai na shiga yi musu hira, in ba su labarin gwiwata da na goggonki, in gaya musu abin da kika ce a waya. Ranar da aka yi musu allura ni nake tsoma su a ruwan man kanumfari su yi barci, in miƙa, in karɓa, in riƙe kowane a ruwa mai kyau har ya farfaɗo a tafin hannuna. A tanki na bakwai akwai wani mai guntun gashin baki a gefen dama, kullum shi kaɗai yake lafewa a kusurwa, ba ya shiga rububin abinci sai kowa ya gama. Kin hana a sa wa kifin gwaji suna, na sani, amma na sa masa Gwauro, kin dai ga inda sunan ya samo asali.

Ranar Laraba aka zuba cutar. Farfesa da kanta ta zo da kwalaben, wani ruwa ne rawaya-rawaya, ba kya ce zai kashe ko sauro ba. Alhamis lafiya, Juma'a lafiya. Ranar Asabar ni kaɗai ne a bakin aiki, Dogo yana hutu, ina buɗe murfin tanki na biyu na ga cutar ta fito. Farin tabon nan ne a gadon baya kamar an shafa musu toka, bakin wutsiya ya fara zaizayewa, wasu sun taso sama suna haki. Warin ma shi ne, warin shekarar nan, hancina bai manta ba. Na tsame uku a na biyu, biyu a na uku, huɗu a na takwas, na rubuta yadda aka ce. Da yamma na tara da na goma sha ɗaya suka fara. Na zo na bakwai na tarar biyu sun juya ciki sama, Gwauro kuma yana kusurwarsa da ɗan fari a gindin wutsiya wanda bai kai ƙwayar wake ba. Na sa hannu a ruwa kamar kullum, bai zo ba. Na daɗe tsaye a wurin ina ta maimaita wa kaina abin da kika gaya mini a bakin mota.

A hanyar komawa gida na ratsa shagon kan kwana na sayi gishiri mai tsakuwa. Ba zan ce miki shaiɗan ne ba, ba zan ce mantuwa ce ba, ni ne da ƙafata da hankalina. Shekara talatin, duk sa'ad da na ga farin tabo a jikin kifi gishiri nake fara kaiwa, haka na koya a gun wanda ya koya mini kiwo, hannuna ya san awon ba sai da sikeli ba. Na ce wa kaina ai gishiri ba magani ba ne, abin miya ne, ɗan sauƙi kawai zan ba su. Lahadi da safe na shiga da shi a leda cikin aljihun rigar aiki. Niyyata tanki na bakwai kaɗai. Da na narkar da tafi biyu na zuba, na juya na ga na takwas a gefensa suna haki, sai na ji ba zan iya nuna wariya ba, kin ji wauta. Haka na bi na biyu, na uku, na goma sha ɗaya. Na tara ne kawai ban taɓa ba, ba don bai ba ni tausayi ba, sai don shi ne yake daidai saitin kyamarar da ke bisa ƙofa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki na san abin da nake yi ba daidai ba ne. Na maimaita Litinin da Talata bayan canjin ruwa, kafin Dogo ya iso. Kuma saboda tsohuwar ɗabi'ata ta kiwo, komai na zuba a ruwa sai na rubuta, wannan ma na rubuta shi a ɗan littafina na aljihu, rana da tanki da yawan tafi, ban dai sa a takardar cibiya ba.

Gishirin ya yi aikinsa. Zuwa Alhamis mutuwa ta tsaya a tankunan nan biyar, tabo ya fara rufewa, Gwauro ya dawo yana taɓa yatsana. Na tara kuwa ina ji ina gani ya ƙare a gabana, ashirin da biyu cikin talatin, ni nake tsamo su da komar hannu ɗaya bayan ɗaya. Dogo ya ce lalle bututun iskar tankin ne ya toshe, Farfesa ta sa aka kwance aka duba ba a ga komai ba, aka dai rubuta cewa tankin yana da matsala. Ina tsaye a wurin riƙe da bokiti, na bar su suka rubuta. Kwana goma sha huɗu suka cika, kin kuma san dokar ɗakin, kifin da ya sha ruwan cuta ba ya fita da rai. Aka ɗebi jini da ƙodar wasu aka sa a ƙanƙara don a aiko miki, sauran aka ninka musu man kanumfari su yi barcin da ba tashi. Ni na tsoma Gwauro da hannuna. Kwana goma na ƙara masa, kuma tun ranar da na sayi gishirin na san a nan za a ƙare.

Da aka buɗe ambulan aka yi lissafi ni ba a gaya mini komai ba, amma na ga fuskar Farfesa a matakala. Sai ga wayarki ranar Lahadi, mako biyu ke nan da 'yan kwanaki. Kika ce ba bambancin kirki tsakanin waɗanda aka yi wa rigakafi da waɗanda ba a yi wa ba, masu rigakafi sun rasa huɗu-huɗu ko biyar-biyar, marasa shi shida ko bakwai, in an cire tankin da aka ce ya lalace. Kika ce abin da ya fi ɗaure miki kai shi ne jinin da aka aiko miki tun kafin a zuba cutar ya nuna garkuwar jikinsu ta tashi, sojojin nan na jini da kike ba ni labari sun fito sun shaida abokin gaba, to me ya sa tankuna suka ƙaryata. Kika ce kin sake gwajin jinin sau huɗu, har kin fara zargin idonki da hannunki, ko dama can ba ki iya aikin ba. Sannan kika ce in yafe miki, alkawarin bakin rami bai cika ba. Ke, kike neman gafarata! Na buɗe baki, Allah ya gani na buɗe, sai kika ce kin gaji, za ki rufe aikin ki tattara ku dawo gida ƙarshen wata mai zuwa. Sai na haɗiye maganar, na ce Allah ya sa haka ya fi alheri.

Nan ne wurin da ya fi yi mini wuyar rubutawa. Da kika kashe wayar, Uwata, murna na yi. Kina can kina kuka, ni ina nan zuciyata fes. Washegari da na taso aiki na buɗe ɗakinku na share, na fitar da katifa ta sha iska, na wanke labule, na gyara ƙafar gadon amaryata da take rawa. Na gaya wa mai shagon kan kwana 'yata za ta dawo, na gaya wa maigadin cibiya, kai, har direban bas sai da ya ji. Na yi ta lallashin kaina cewa wataƙila allurar dama ba ta aiki, gishirina bai canza komai ba, kuma ke da sauran ƙuruciyarki, za ki sami wani binciken. In ina cikin mutane maganar tana riƙe ni. Amma abinci ya daina wucewa, in na ta da salla sai in rasa raka'a ta nawa nake, ita ce ramar da goggonki ta gani. Mako biyu na yi a haka, ina gyara miki ɗaki alhali na san ƙarya ce za ta dawo da ke.

Jiya Litinin Farfesa ta aiko Dogo ya ce mini a kwashe abin da ya rage na aikinki daga firij, ana buƙatar wurin, in kai tukunyar tururin da ake kashe ƙwayoyin cuta a ciki. Na buɗe firij na jawo akwatin. Ƙananan kwalaben rigakafinki ne reras, kowace da farar takarda a jiki da rubutun hannunki, da bakwai ɗin nan naki mai sanda a tsakiya, wanda kika kwaikwaya a guna tun kina aji biyu, kina zaune a cinyata ina rubuta awon abincin kifi. Na kai har bakin tukunyar, na buɗe murfi, sauran zafin jiya ya bugi fuskata. Dogo yana tsaye yana jira ya danna maɓalli. Na ce masa ya dakata. Na mayar da akwatin firij, na ce kada ya bari kowa ya taɓa, na hau sama da takalmin roba a ƙafata, abin da aka hana, gwiwar ma ban ji ta ba.

Farfesa kin san ta, ba ta ɗaga murya. Na tsaya a gaban teburinta na faɗi komai, na ajiye ɗan littafin. Ta cire tabarau ta goge ta mayar, ta tambaye ni ko na san ƙwayar wannan cuta ba ta jure gishiri, ko kaɗan ne yana hana ta manne wa fatar kifi. Na ce sunanta ne ban sani ba, amma halinta na sani tun kafin a gina cibiyar. Ba ta yi dariya ba. Ta jawo aljihun tebur ta fito da takardar ambulan, ta shimfiɗa kusa da littafina, ta sa bakin biro tana bi. Na biyu, ba rigakafi. Na uku, ba rigakafi. Na bakwai, na takwas, na goma sha ɗaya, duk babu. Na tara, wanda aka ɗora wa laifin bututu, shi ne cikon na shida, shi kaɗai aka bari ya faɗi gaskiya. Tankuna shidan da aka yi wa allurarki kuwa, ko ɗaya bai sa na kai hannu aljihu ba. Ni da ban san wanne ne wanne ba, ido kawai nake bi, duk tankin da ya ba ni tausayi babu allurarki a cikinsa. Ta daɗe tana kallon takardun biyu, sannan ta ɗaga waya ta ce wa Dogo kwalaben nan ko ɗaya kada ta bar firij.

Kada ki ɗauka albishir nake yi miki don in rage laifina. Farfesa ta faɗa mini ƙarara cewa littafina ba hujja ba ne, ba wanda zai karɓi gwajin da aka sa wa hannu. Dole a sake daga farko, sababbin 'ya'yan kifi, sabon reno, sabuwar allura, wata shida ko bakwai in komai ya tafi daidai. Ta ce kifi ɗari uku da sittin sun tafi a banza, wasu ɗari uku da sittin kuma za su shiga ɗakin saboda ni, in ina ganin tausayi na yi to in lissafa da wannan. Maganar ta shige ni, don gaskiya ce. Ta karɓi makullin ɗakin gwaji. Ta mayar da ni kududdufan waje, wajen iyayen kifi, inda ba abin da zan ɓata, har kwamiti ya zauna ya ga ko za a bar ni. Ta ce ranar Alhamis za ta rubuta miki, ke da malaminki na can, amma ta ba ni kwana biyu in riga ta, don bai kamata ki ji wannan daga bakin wani ba. Yau da safe na bi ta ƙofar ɗakin, na ji injin iska yana yi, Dogo yana wanke tankuna shi kaɗai, na ɗaga masa hannu ta gilashi na wuce.

Saboda haka ga abin da nake roƙo, kuma shi ne dalilin takardar. Kada ki dawo ƙarshen wata. Ki kwance kayan da kika fara ɗaurewa, ki koma gun malaminki ki ce a ƙara miki lokaci, ki zauna kusa da na'urorin nan da ba mu da su a nan, ki jira sabon jini. Idonki lafiya lau yake, hannunki ma haka, abin da kika gani a jini shi ne gaskiya. Na san abin da nake cewa, na ƙirga watannin da yatsa, na san kafin nan amaryata ta manta kamannina, sai dai murya a waya. Ina kewarku, Uwata, kewar da ban taɓa faɗa miki ba don kada in karya miki gwiwa, ga shi ɓoyewar ta ɓullo ta inda ta fi muni. Amma gara in ci gaba da mayar da kofi ɗaya kan kanta da in gan ki a gidan nan kina ganin kin gaza, alhali ba ki gaza ba. Batun yafiya kuwa, ban ce ki yi yanzu ba. Kin tsaya mini, na ba ki kunya a gaban mutanen da kike ganin girmansu, in kin yi fushi kina da gaskiya, ki yi abinki har ki huce. Katifar na mayar da ita na lulluɓe da zani, labulen kuma na ninke na sa a akwati don kada rana ta cinye shi kafin ku zo.

Ki gaishe mini da maigidanki, ki ce ina godiya da ɗawainiyar da yake yi, ina kuma ba shi haƙurin watannin da na ƙara masa. Ki shafa mini kan amaryata, ki ce mata tsohon angonta yana nan yana gadin takalmanta. Ki gaishe da malaminki, da maƙwabciyarku mai kyanwa da kika ce tana riƙe miki yarinya. Goggonki tana gaishe ku, ita ban gaya mata ba tukuna, sai na shirya kunnuwana. Yayanki ma na san da ya kashe injin da ya ce a gaishe ku. Dogo da maigadi suna gaisuwa. Allah ya yi miki albarka, ya jiƙan mahaifiyarki, ya sa allurar nan ta kai kududdufan mutane, ko ina nan ko ba na nan.

Ranar Lahadi daga azahar zan zauna a benci da waya a hannu, na cika ta da caji. In kin kira, ko faɗa ne, zan ɗauka in saurara har ki gama. In ba ki kira ba, zan sake zama wata Lahadin.

Ni ne mahaifinki,
wanda a da yake kula miki da tankuna.